Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Cefanen 'Ya'yanmu a Manyan Makarantu



Kowace shekara muna raka 'ya'yanmu zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke nan Haɗeja, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse. Mu biya kuɗin rajista da na ɗaki, mu yi musu nasiha. To, akwai tambayar da ta kamata ta biyo baya: me za su ci?

Yaron da ya tashi ana zuba masa tuwo a kwano, rana ɗaya ya wayi gari shi ne mai cefane, shi ne mai girki. Mafita mafi kusa ita ce Indomie wajen mai shayi, ko awara da garau-garau a bakin makaranta. Ba mu raina waɗannan ba, amma taliyar leda galibinta fulawa ce da mai da gishiri. Tana kashe yunwa, ba ta gina jiki. Ga tsada kuma. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi. Ɗalibin da ya samu lamunin NELFUND yana karɓar Naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar kansa, wato ƙasa da Naira 700 a rana. Idan sau uku zai sayi dafaffe, kafin tsakiyar wata sunansa ya shiga littafin bashin mai kanti. Mu kuwa malamai mun san idon yaron da ya shigo aji da yunwa: yana kallon allo, hankalinsa yana wani wuri.

Abin takaici shi ne wannan yana faruwa a ƙasar da Allah ya albarkata da fadama. Shinkafa da alkama na fitowa daga noman ranin Auyo, ga tattasai da albasa, ga kasuwar kifi ta Haɗeja da fatake ke zuwa daga nesa. Sai ɗanmu ya zauna a bakin kogi yana alwala da yawu?

Shawararmu uku ce. Ta farko, mu yi musu guzurin abin da ba ya lalacewa, tun da kaka lokacin da kaya ke araha: shinkafa, wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir da kifi banda. A zuba wake a jarka a toshe bakinta sosai, ƙwari ba za su rayu ba, kuma ba sai an sa magani ba. Shinkafa da wake da ɗan kifi sun fi kwalin taliya amfani nesa ba kusa ba.

Ta biyu, mu koya musu lissafin cefane. Sayen ƙulli-ƙulli kullum ya fi awon tiya tsada. Ɗalibai uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su auna, su raba.

Ta uku, mu shigar da su madafi kafin su bar gida, maza da mata. Girki ba ya rage wa namiji daraja. Su san cewa dafaffiyar shinkafa da ta kwana cikin zafi tana iya ɓata ciki, kuma kunna gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yana kisa.

Muna roƙon kowane malami, musamman masu ajin ƙarshe na sakandare, ya ware ko da rabin sa'a kafin ɗalibansa su fita, ya tattauna wannan da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya hore mana abin ciyar da su.