KASHI NA 14: Kafin ka sayar da gonar gado ka koma Gusau

Yau maganar gida zan yi, don abin ya taɓa ni kai tsaye.

Ni ɗan 'Yankuzo ne, a ƙaramar hukumar Tsafe. Watanni kaɗan da suka wuce muka zauna da yayyena kan gonar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙan sa, ya bar mana. Babban yayanmu ya ce, “A sayar kawai a raba, kowa ya kama gabansa. Gonar da ba ka iya zuwa sai da fargaba, me amfaninta?” Wallahi ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya san yankinmu ya san yadda 'yan bindiga suka hana mutane sakat, har wasu ƙauyukan sai sun biya haraji kafin su yi girbi. Ba zan zauna nan in ce muku ƙauye aljanna ba ne.

Amma na roƙe shi ya dakata, ga dalilina.

Na farko, yanzu ne lokacin da gona ta fi arha, saboda tsoro. Wanda ya zo saye ya san haka. Ya san ƙasa ba ta ruɓewa, kuma fitina komai daɗewarta tana da ƙarshe. Kai ka sayar a farashin tsoro, shi ya ajiye yana jiran farashin zaman lafiya.

Na biyu, na yi zaman Gusau bayan na gama jami'a, na ga yadda kuɗi ke narkewa. Haya, ruwan 'yan ga-ruwa, gawayi, kuɗin Keke, hatta kuka da kuɓewa sai ka ciro kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin ya ƙara tsanani. Kuɗin gona in ba sana'a mai ƙarfi ka saka su ba, kafin ka farga sun tafi a cefane. Shi kuwa mai rumbu, ko kwano ya yi tsada a kasuwa, tuwon dare bai gagare shi ba. Dawa, gero, masara, wake, ga harawa da karan dabbobi, duk daga fili ɗaya.

Na uku, gona ita ce ke riƙe sunanka a gari. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ranar da ka sayar, 'ya'yanka sun zama baƙi a garin kakanninsu.

To, ina mafita? Ban ce kowa ya kai kansa daji ba, rai ya fi dukiya. In zama bai yiwuwa, ka tashi, amma ka bar gonar da sunanku. Ka ba wani amintacce aro ko haya. In matsi ya kai matsi, jingina ta fi sayarwa, don ita ana fansa. Kuma a rubuta komai a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara. Matasa, mu da muka yi boko, aikinmu ne mu bi wa iyayenmu wannan takarda. Kada kuma a manta da rabon mata a gado, don sau da yawa su ake fara dannewa in an zo sayarwa.

Sannan mu ci gaba da matsa wa gwamnati lamba. Jihar da ke tinƙaho da noma, dole manominta ya iya zuwa gona ya dawo lafiya.

Mu dai a gidanmu mun tsaya a kan haya na shekara biyu, yaya ya amince, ko da yake har yanzu yana yi min kallon mai taurin kai.

Ku fa? Akwai wanda aka sayar da gonarsu, ko ake shirin sayarwa? Ku ba mu labari a ƙasa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara. Sai mun haɗu a kashi na gaba.