'Yan Acabar Agege: Taimakon Juna da Sanin 'Yanci

Jawabin da sakataren al'umma ya gabatar a taron wayar da kan magidanta da 'yan acaba a Agege, Legas

   

An umarce ni da in yi magana a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu masu sana'ar acaba, wadda a nan Legas ake kira okada. Zan taɓo abu uku: yadda suka yawaita a cikinmu, irin taimakon da suke yi wa jama'a, da kuma abin da doka ta ba su da wanda ta hana su. Ina roƙon iyaye mata su ba ni aron kunnuwansu, domin da wuya a sami gida a unguwar nan da tukunyarsa ba ta da alaƙa da babur.

Kamar yadda dattawa suka sani, ba babur ne ya kawo Bahaushe Agege ba. Goro ne da shanu. Kakanninmu sun zo sayen goro a gonakin wannan yanki, suka kafa Zango, kuma da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a wajen 1912 sai hanya ta buɗe sosai. Tun a lokacin akwai wata al'ada da ta riƙe mu: baƙo ba ya kwana a titi. Yana da maigida da zai sauke shi, ya ba shi masauki, ya tsaya masa in magana ta taso.

Ita acaba daga baya ta zo. Bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986, masana'antu suka rage ma'aikata, motocin haya suka yi ƙaranci, sai mutane suka koma ɗaukar fasinja a babur. A Kano aka ce acaba, a Sakkwato da Nijar aka ce kabu-kabu, a Kudu kuma aka ara mata sunan kamfanin jiragen sama na Okada Air, saboda tana tsallake cunkoso kamar mai tashi sama. Da babura masu sauƙin kuɗi irin su Jincheng da Bajaj suka cika kasuwa, sai ya zama yaron da bai da jarin buɗe shago yana iya karɓar babur a hannun wani, ya riƙa biyan balas kullum.

To me ya sa suka kwararo Legas haka? Dalili ɗaya shi ne an rufe musu ƙofa a gida. An hana acaba a cikin birnin Abuja a 2006. An hana a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram. An hana a Kano a watan Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Daga baya ɓarayin daji suka raba manoman Zamfara da Katsina da Sakkwato da gonakinsu. Wanda ya saba zuwa cin rani ya koma gida da damina, sai ya zama ba gonar da zai koma wa. Ya zauna, ya kira ƙaninsa, ƙanin ma ya kira abokinsa. Haka tasha mai babur biyar ta koma mai hamsin.

Kowace tasha tana da shugaba, da mai karɓar kuɗi, da layin da ake bi wajen ɗaukar fasinja. A sama kuma akwai manyan ƙungiyoyi irin su ACOMORAN. Amma ƙarfin 'yan acabarmu na gaskiya yana ƙasa, a cikin ɗan abin da kowa ke jefawa a asusun tasha da yamma kafin ya tafi gida.

Jama'a, ina so in faɗi abin da wannan asusu ke yi, domin masu zagin ɗan acaba ba sa faɗa. Idan ɗayansu ya yi haɗari aka kai shi asibitin ƙashi na Igbobi ko wajen mai ɗori, 'yan tasharsa ne ke biyan kuɗin farko tun kafin labari ya isa garinsu. Idan Allah ya yi wa wani rasuwa, su ke sayen likkafani, su yi masa sutura, su haɗa wa matarsa da 'ya'yansa kuɗin mota zuwa gida. Da azumi suna ba da gudummawar buɗa-baki a masallatai. Sukan sayi tabarmi da butoci, su biya wa makarantar Islamiyya kuɗin alli da allo, su ɗinka wa marayu kayan Sallah. Akwai tashoshin da suka ɗaukar wa kansu cewa mace mai naƙuda da daddare ba a karɓar kuɗinta, Bahaushiya ce ko Bayarabiya ko Inyamura.

Ni da idona na ga wannan. Wata shekara da damina, ruwa ya shiga gidan wata tsohuwa maƙwabciyata, Bayarabiya ce, ba ta da kowa a kusa. Kafin mu da muke kiran kanmu shugabanni mu gama shawarar ranar da za mu zauna, yaran tashar bakin layinmu sun kwashe mata kaya, sun sayo buhun siminti biyu sun ɗaga mata dokin ƙofa. Har ta rasu, in ta ji ana zagin 'yan acaba sai ta ce ban da 'ya'yanta.

Amma akwai gyara, kuma gyaran ne ya sa na tsaya gabanku yau. Duk wannan alheri a ka yake, ba a takarda ba. Na san wata tasha da mai riƙe musu kuɗi ya tafi gida ganin mahaifiyarsa, ciwo ya kama shi a can, Allah ya karɓi abinsa. Mutumin kirki ne, ba wanda ya taɓa zarginsa. Amma ba littafi, ba shaida, ba wanda ya san nawa ne a hannunsa ko wa ya ranta. Ajiyar shekara biyu ta bi shi kabari, 'yan tasha suka rabu gida biyu suna zargin juna. Ni kaina sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da ya tura ni shi ne wata takarda da na dangwala wa hannu ban san abin da ke cikinta ba. Saboda haka ba gori nake yi wa kowa ba.

Yanzu bari mu zo kan doka, domin rashin saninta ya cinye babura fiye da haɗari. A watan Agustan 2012 Gwamna Fashola ya sa hannu a dokar zirga-zirga da ta hana acaba bin hanyoyi 475 a jihar nan. A 2018 aka sake yi wa dokar sufuri garambawul. Daga ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba da Keke Napep a ƙananan hukumomi shida da manyan tituna goma da gadoji da dama. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka tsananta hanin acaba a waɗannan shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekarar aka ƙara huɗu: Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. A cikin watan Yunin 2022 ɗin gwamnati ta murƙushe babura fiye da 2,000 da aka kama, kuma ta sanar cewa hukunci na iya kai ɗaurin shekara uku, a kan mai tuƙi da fasinjansa duka.

Ku lura da kyau. Sunan Agege ba ya cikin waɗannan ƙananan hukumomi goma. Amma titin Agege Motor Road da babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta suna cikin titunan da aka lissafa a 2020, kuma Ikeja maƙwabciyarmu ce, bango ɗaya. Yaro ya ɗauki fasinja a cikin unguwa, fasinja ya ce ƙara gaba kaɗan zan ƙara maka ɗari biyu, sai ya tsinci kansa inda doka ta hana. Saboda ɗari biyu ya rasa babur ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba. A nan ba mu da bakin magana, ko Sarki ya je roƙo zai yi.

Inda muke da bakin magana shi ne abin da kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya. Sashe na 41 ya ce ɗan ƙasa na da 'yancin zuwa ko'ina a Nijeriya ya zauna. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Sashe na 40 ya ba mu 'yancin kafa ƙungiya. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya, a sanar da shi laifinsa a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Har ila yau dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Ba a kama uwa don ɗanta ya gudu, ba a kama maigida don yaronsa. Beli kuma a wajen 'yan sanda kyauta ne a doka.

Wannan ba magana ce ta takarda kawai ba. A ƙarshen watan Agustan 2019 an tare wata babbar mota a nan Legas ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Aka tsare su, aka bincike su, ba a same su da komai ba, aka sake su. Abin da ya taimake su shi ne an san daga inda suka fito, kuma an sami masu tsaya musu da suka san doka. Wanda ba ya cikin rajistar kowa, ba katin shaida, ba wanda ya san sunan mahaifinsa sai laƙabi, in ya shiga hannu wa zai nema shi, kuma da wane suna?

Haƙƙi kuma tafe yake da nauyi. Mu tuna da abin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016. Daga rigimar ɗan acaba da mutanen unguwa wuta ta tashi, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje, gwamnati ta rufe kasuwa. Masu tumatir da albasa da ba su taɓa hawa babur ba su ne suka yi asara. Tsanantawar 2022 ma ta biyo bayan kisan wani matashi ne a Lekki, wanda aka ɗora wa wasu 'yan acaba, kuma dubban da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abincinsu. Al'adar nan ta taruwa a kan mai mota in ya bugi ɗan'uwa ba zumunci ba ce. Zumunci shi ne a ɗauki mai rauni zuwa asibiti, a rubuta lambar mota, a kira shugaba.

Saboda haka ga shawarwarin da nake gabatarwa, in dattawa sun amince.

Na farko, kowace tasha ta buɗe littafin rajista: cikakken suna, garin asali, lambar babur, lambar waya, sunan maigida ko mai tsaya masa, da wanda za a kira a gida. A kawo kwafi ofishin sakatare.

Na biyu, kuɗin asusu ya bar aljihun mutum ɗaya. A buɗe ajiya a banki da sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata. A ce tasha mai mutum 40, kowa na ba da naira 200 a rana. Naira 8,000 ke nan kullum, a kwana talatin naira 240,000. Kuɗi irin wannan ya wuce a riƙe shi da ka.

Na uku, a raba asusun kashi uku: na jinya da rasuwa, na taimakon unguwa, da na lauya. Wannan na ƙarshen shi muka fi sakaci da shi. Wanda ba shi da hali kuma ya sani akwai Ofishin Lauyan Jama'a na Jihar Legas, wanda ake kira OPD, da aka kafa a shekarar 2000 don kare marasa ƙarfi kyauta.

Na huɗu, kowane ɗan acaba ya mallaki lambar NIN, da katin zama na Legas na hukumar LASRRA, da lasisi, da rasit ɗin babur. Wanda ya karɓi babur bashi yana biya kaɗan-kaɗan ya nemi yarjejeniya a rubuce, da shaidu biyu. Hular kwano kuma ba don jami'i ake sa ta ba, don kai ake sa ta.

Na biyar, duk sabon zuwa kada a ba shi makulli sai shugaban tasha ya zagaya da shi ya nuna masa iyakar inda ake bi. Wanda bai iya karatu ba ya zo ajin dare. Wata shida sun isa mutum ya karanta rasit da allon titi.

Iyaye mata, ku ma da aikinku. Ki san tashar da mijinki ko ɗanki yake, ki san sunan shugabansu, ki ajiye kwafin takardun babur a gida. Ranar da bai dawo ba, wannan takardar ce za ki fito da ita.

Daga ƙarshe, kakanninmu sun zauna lafiya a Agege ne domin kowane baƙo yana da mai tsaya masa, kuma masu gari sun ga amfaninsu. 'Yan acabarmu sun riga sun gaji rabin wannan tarbiyya, wato taimako. Saura mu taya su da ɗaya rabin, wato tsari da rubutu. Littafin rajista na nan a teburina daga gobe bayan La'asar.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya, ya sa albarka a nemansu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.