Malam-Buɗe-Littafi Mai Launin Jan Ƙarfe

Yau za mu dubi wata 'yar ƙaramar halitta, wato malam-buɗe-littafi mai fukafukai kamar gogaggen jan ƙarfe, da ɗigo-ɗigon baƙi. Faɗinsa kamar santimita 3 ne. Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa suna a 1761. Gidansa Turai ne, da Asiya, da Amurka ta Arewa; a Afirka kuwa ana samunsa a arewa da kan tuddan Habasha.

Macen takan ajiye ƙwai ɗai-ɗai bisa wani ganye mai tsami irin na yakuwa, ko da yake ba danginta ba ne. Koriyar tsutsa ta fito, ta laɓe a ƙarƙashin ganyen tana ci. Wadda sanyi ya tarar, sai ta yi likimo har ya wuce, sa'an nan ta sauka cikin busassun ganyaye, ta ƙulle kanta mako 3 ko 4 kafin ta fito da fukafukai. Namijin kuwa, ga ƙanƙanta ga faɗa. Yakan zauna bisa dutse, duk ƙwaron da ya gifta ya bi shi da kora, ya komo mazauninsa.

To, mu nan danginsa muke da su, 'yan ƙanana masu shuɗi-shuɗi da muke gani a gonar wake. Tsutsarsu tana cin fure, ta huda kwanso ta shiga, tururuwa kuma na gadinta saboda wani ruwa mai zaƙi da take ba su. Manomin da ya ji haushi, da gaskiyarsa. Amma fa feshi bai san mai laifi ba. In an yi shi da rana tsaka, har ƙudan zuma yakan kashe, ga shi da yamma ta yi sun koma amya. Abin da ya fi damunmu shi ne wanke tankin feshi a bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin nan ne gonar Sarkawa da Gungawa, kifin da suka kamo kuma shi muke saye a kasuwar Yauri, mu kai wa 'ya'yanmu gida.