Ciwon da Ido Ba Ya Gani

Karatu: Ayuba 2:11-13; 42:7; Yohanna 9:1-3

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo da yawancinmu ba mu san sunansa ba. Likitoci suna kiransa faibromayaljiya.

Ga yadda yake. Mutum yana jin ciwo ko'ina a jiki, dama da hagu, sama da ƙasa, har fiye da wata 3. Ya kwana yana barci, amma ya tashi da gajiya kamar wanda ya wuni yana huɗa. Mantuwa ta yi yawa. A je asibiti a auna jini, a ɗauki hoton ƙashi, ba a ga komai ba. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, kuɗi suna ƙarewa, ciwo yana nan.

Me ya sa awo ba ya nunawa? Domin damuwar tana cikin yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon zafi. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya ne, ƙaramin sauti ya zama ihu. Kimanin mutum 2 cikin 100 suna da shi, mata sun fi yawa. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta tsara hanyar gane shi, aka sabunta ta a 2010. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ya kuma lalata gaɓoɓi.

To, me muke cewa a gida? Miji ya ce ragwanci ne. Uwar miji ta ce mayu ne. A ikkilisiya wani ya ce akwai ɓoyayyen zunubi. Ku tuna da abokan Ayuba: Elifaz, Bildad da Zofar. Kwana 7 suka zauna tare da shi shiru, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suka ɗora masa laifi, Allah ya yi fushi da su. Haka kuma da almajirai suka nemi wanda zunubinsa ya jawo makantar wani mutum, Yesu ya wanke mutumin da iyayensa duka.

Ke 'yar'uwa mai wannan ciwo, da kai ɗan'uwa, ku je wurin likita ya fara duba ko ƙarancin jini ne, ko ciwon maƙoƙo, ko sanyin ƙashi. Ba a sami maganin da yake kawar da faibromayaljiya gaba ɗaya ba, amma ana samun sauƙi ƙwarai. Ku riƙa tafiya a ƙasa kaɗan kowace rana, kuna ƙarawa a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Ku kwanta, ku tashi a lokaci ɗaya. Ku raba aiki kashi-kashi, kada ranar da kuka ji dama ku yi aikin mako guda. Akwai magunguna kamar amitiriftilin da likita zai iya rubutawa. Kada ku sayi taramadol da kanku, yana kama mutum. Manzo Bulus ma sau 3 ya roƙi a cire masa ƙayar da take jikinsa, aka ba shi alherin ɗaukarta. Ba wanda zai ce Bulus ba shi da bangaskiya.

Ku kuma mutanen gida, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ta ce tana jin ciwo, ku gaskata ta. Maigida, ka sa yara su ɗebo ruwa, su kai hatsi inji. Zumuntar mata, in ba ku gan ta a sujada ba, ku je gaisuwa da itace da ɗan gari a hannu, ku bar tuhuma a waje.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai kake ganin abin da awo bai gani ba. Ka ba masu ciwo sauƙi da barci mai daɗi, ka ba mu kunnen ji da hannun taimako. Cikin sunan Yesu, amin.