Ciwon Huhu Na Korona: Wa Ya Fi Shiga Hatsari?

Yau maganarmu a kan ciwon huhun da korona ke kawowa ne. Cutar nan ta shigo Nijeriya cikin Fabrairu 2020, ta iso Kano da Jigawa cikin Afrilu. Kun tuna yadda aka yi ta rasa dattawa a Kano a watan nan.

Cikin waɗanda aka kwantar asibiti, likitoci sun lura waɗanda suka fi rasuwa su ne wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko na ƙoda, da mai ƙiba ƙwarai. Maza sun fi mata. Sai kuma wanda aka kawo a makare, huhu ya riga ya kumbura, iska ba ta isa cikin jini.

To, mutanen Yalwan Damai, tsufa ba shi da magani, amma jinkiri laifinmu ne. In tsohonku na zazzaɓi da tari, yana haki ko da yana zaune, ko maganarsa ta rikice, kada ku jira ranar kasuwa. Ku kawo shi ɗakin magani yau, mu duba shi, mu tura shi asibitin Birnin Kudu tun da sauran ƙarfinsa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.