Inji ma yana numfashi

Jawabi kan bututun hayaƙi, domin ɗaliban yaƙi da jahilci na Saga

 

Saga garin shinkafa ne. Tun cikin shekarun 1960 aka gyara fadamar bakin kogin Isa domin noman rani. A 1978 gwamnati ta kafa ma'aikatar ONAHA don kula da irin waɗannan gandaye. Bayan shinkafa, ga masu lambu. Ruwan lambu, inji ke jawo shi. Buhun shinkafa, mota ke ɗaukar sa. Salati da kabeji, a kan babur suke bin hanyar Kollo su shiga kasuwannin Yamai. Ranar da inji ya rasa ƙarfi, shuka za ta kwana da ƙishirwa, ganye ya yi yaushi kafin ya ga mai saye.

Sau da yawa ana neman ciwon a cikin inji, alhali yana can baya, cikin bututun hayaƙi, wanda ake kira salansa. Shi ne maganar yau.

Ƙarfin ja da ƙarfin gudu

Manomi ya san bambancin sa da doki. Doki ya fi gudu. Sa ya fi jan kaya. Inji ma haka yake. Akwai ƙarfin da ke murɗa ƙafar mota, shi ne ƙarfin ja. Shi ke tayar da mota mai kaya daga tsaye. Shi ke fitar da ita daga laka, ya haura tudu da ita. Shi ke juya injin ban ruwa idan tiyo ya cika. Gudu kuwa sai an hau kwalta ake ganin sa. Mutumin karkara ya fi bukatar ƙarfin ja, kuma shi ne ke fara gudu idan hanyar hayaƙi ta lalace.

Yadda inji ke numfashi

Yawancin injuna aiki 4 suke yi, suna maimaitawa. Na 1, fistan ya sauka, ya shaƙi iska da mai. Na 2, ya hau, ya matse su. Na 3, buji, wato fulogi, ya ba da wuta, mai ya kama, ya tura fistan ƙasa. Nan ne ake samun ƙarfi. Na 4, fistan ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje.

Inji ya fi cin iska bisa ga mai. Lita 1 ta fetur tana bukatar iska wajen lita dubu 9 kafin ta ƙone da kyau. Duk abin da ya shiga kuwa, dole ya fita. Idan mafita ta toshe, ɓarna 2 ke faruwa. Ta farko, fistan yana kashe ƙarfinsa wajen tura hayaƙi, maimakon tura mota. Ta biyu, tsohon hayaƙi yana saura a ciki, ya tare wa sabuwar iska wuri. Tulun da ba a zubar da ruwan jiya ba, ba ya ɗaukar ruwan yau cikakke. Iska kaɗan, wuta kaɗan. Wuta kaɗan, ƙarfi kaɗan.

Mene ne katalizer?

A ƙarƙashin motocin fetur na zamani, tsakanin inji da salansa, akwai wata ƴar tukunyar ƙarfe. Makanikai suna ce mata katalizer. A Nijeriya ana ce mata indomi, don cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar nan. Cikin nata kamar saƙar zuma yake, ƙananan ramuka dubbai, an yi su da yumɓu gasasshe. An shafe ramukan da ƙarafa 3 masu tsada: filatinom, faladiyom da rodiyom.

Hayaƙin fetur yana ɗauke da guba. Mafi muni ita ce wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a cikin ɗaki. Idan hayaƙi ya ratsa ramukan katalizer, ƙarafan nan suna ƙarasa ƙona gubar. Mai lafiya tana rage kusan kashi 90 cikin 100. Amma sai ta yi zafi, wajen digiri 300, take fara aiki.

Wani injiniya ɗan Faransa, Eugène Houdry, shi ne ya yi aiki a kanta cikin shekarun 1950, lokacin da hayaƙin motoci ya dami biranen Amurka. Daga 1975 aka sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka. Ƙasashen Turai sun tilasta ta daga 1993. Motocin hannu da suka shigo Nijar ta tashoshin Kwatano da Lome, akasari daga Turai suka fito. Shi ya sa taksi da motocin gida da yawa na Yamai suna da ita, ko kuwa sun taɓa samun ta.

To, tana rage ƙarfin inji? Idan lafiyarta ƙalau, abin da take ragewa ɗan kaɗan ne, direba ba ya ma jin sa. Masu ƙera motar sun auna ta daidai da injin. Wadda ta toshe ita ce ke shaƙe mota.

Abin da ke toshe ta

Katalizer ba ta cika mutuwa da kanta ba. Kashe ta ake yi.

1. Buji ya mutu. Man da bai ƙone cikin inji ba ya je ya ƙone cikin tukunyar. Zafi ya yi yawa, saƙar ta narke, ramuka su haɗe.

2. Inji ya tsufa yana shan baƙin mai. Alamarsa shuɗin hayaƙi. Tokar man tana like ramukan.

3. Gurɓataccen fetur, wanda aka haɗa da kananzir ko wani abu. A da ana zuba dalma cikin fetur, ita kuwa dalma tana kashe katalizer. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar wannan fetur daga farkon 2006. Alijeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta bar shi, a 2021.

4. Dutse ko tudun hanya ya bugi ƙarƙashin mota. Saƙar ta farfashe, gutsattsarin su tare bututu.

5. Mota ta faɗa ruwa mai zurfi da zafinta. Yumɓu mai zafi idan ya ji sanyi farat ɗaya, tsagewa yake yi.

6. Yawan tura mota don ta tashi. Kowace turawa da ba ta kama ba, ɗanyen mai ne ke gangarawa cikin bututu.

Alamomin toshewa

Mota tana tashi lafiya. Tana tsaye, inji yana kaɗawa daidai. Amma da an ɗora buhu 5, ko an fuskanci tudu, sai ta yi sanyi. A taka totur, ta yi nishi, ba ta ƙara kome ba. Dalili, a tsaye hayaƙi kaɗan ne, yana samun wurin wucewa. Da aiki ya yi nauyi, hayaƙi ya yi yawa, ƙofa ta yi masa kaɗan.

Sauran alamomi: mai yana saurin ƙarewa. Ƙasan mota yana zafi fiye da kullum. Wani lokaci ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan mota ta huce aka ɗan bubbugi tukunyar, sai a ji kamar tsakuwa cikin gwangwani.

Amma kada a yi gaggawa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Datti yana toshe matatar mai. Kulocin da ya cinye shi ma yana hana mota ja. A fara duba waɗannan, don su ne masu araha. Makanikin kirki yana da gwaji: ya kwance bututu kafin tukunyar, ya gwada motar na ɗan lokaci. Idan ƙarfi ya dawo, an gano wurin. Idan bai dawo ba, tukunyar ba ta da laifi.

A fasa ta a huta?

Wani zai ce wa mai mota: a fasa saƙar a zubar, mota ta samu iska. Wani ma har kuɗi zai ba shi. A yi tunani. Me ya sa ake sayen abin da aka ce ba shi da amfani? Saboda ƙarafan da ke ciki ne. A 2021 farashin rodiyom ya ninka na zinariya fiye da sau 10.

Idan tukunyar toshewa ta yi, lalle ƙarfi zai dawo bayan an fasa. Amma ciwon da ya kashe ta yana nan, mataccen buji ne ko shan baƙin mai, kuma zai ci gaba da cin inji. Idan kuwa lafiyarta ƙalau, mai mota bai samu kome ba sai ƙara da wari. A motoci da yawa, ƴar fitilar gargaɗi da ke gaban direba za ta kama, ta ƙi mutuwa. Ranar da wani sabon ciwo ya zo, ba mai sanar da shi. Gubar kuwa, wa zai shaƙa? Yaron mota da ke baya, mai tallar bakin hanya, da jaririn da ke goye.

Hanya mai kyau ita ce a gyara dalilin tukuna, sa'an nan a canza tukunyar da wadda ta dace da motar. Mai sayen motar hannu ya leƙa ƙarƙashinta. Idan ya ga sabuwar walda a tsakiyar bututu, ya tambaya. Mai kai mota gareji ya san kayansa kafin ya bar ta.

Babur da injin ban ruwa

Ƙananan injunan ban ruwa akasari ba su da katalizer, amma suna da salansa, kuma ita ma tana toshewa. Baƙin hayaƙi yana taruwa a ciki. Injin da aka ajiye wata da watanni, zanzaro yana gina ɗakinsa a bakin bututu. Wanda ruwa ya ci, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2020, laka tana bushewa a ciki. Kafin a fara ban ruwa, a bar inji ya huce, a kwance salansa, a kakkaɓe, a mayar.

Samari kuma suna cire cikin salansar babur, ko su sa ƙaton bututu, wai don ƙarfi. Mai ban ruwa ya san amsar wannan. Ruwa cikin hanyar da ta dace da shi yana gudu, har ya ja datti ya tafi da shi. Idan hanya ta yi masa faɗi, sai ya baje, ya kwanta. Hayaƙi ma haka. Idan yana gudu cikin bututu daidai, kowane tashi yana jan na bayansa, inji ya wanke sarai. Bututu mai faɗi yana kashe wannan gudu, ƙarfin ja ya ragu daidai lokacin da ake tashi da kaya. Ƙara ta ƙaru, buhu bai ƙaru ba. Inji ba ya son toshewa, ba ya kuma son hanyar da ta fi ƙarfinsa.

Abin da za a riƙe

1. A canza buji da baƙin mai kan lokaci.
2. A kakkaɓe matatar iska, balle da hunturu.
3. A sayi mai inda aka amince da shi.
4. Idan inji ya fara tsallake wuta, a tsaya a gyara, kada a ce sai gobe.
5. Kada a tsayar da mota kan busasshen karan shinkafa ko ciyawa. Zafin tukunyar ya isa ya tayar da gobara.
6. Kada a kunna janareto ko inji cikin ɗaki ko rumfar da aka rufe.

Wanda ya iya karatu ya samu littafi, ya riƙa rubuta ranar da ya canza mai da buji. Ya kuma karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Kuɗin buji ɗaya bai kai kuɗin tukunya ba, balle na inji. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da ruwa mai albarka, ya tsare gonaki da dukiya. Amin.