Wanda Ya Kwance Mari: Laccar da Aka Gabatar a Burumburum



Kowa a nan ya san cewa a Burumburum aka kashe Sarkin Kano Alwali wajen 1807. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wutar jihadin da ta iso nan, kan sakin kamammu ta tashi. Dakarun Yunfa Sarkin Gobir sun faɗa wa mutanen Abdussalami a Gimbana, suka ɗauro su, suka biyo ta kusa da Ɗagel. Jama'ar Shehu Ɗanfodiyo da ke can suka tare hanya suka kwance su. Sakamakon wannan aiki shi ne korar Shehu daga Ɗagel. A Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu.

To amma a lura. Gardamar wancan zamani ba kan bauta kanta take ba, kan wanda ya halatta a bautar ne. Ɗa Musulmi in an kama shi, kwance shi jihadi ne. Wanda aka riga aka kira bawa kuwa dukiya ne, mai taimakonsa kuma maɓarnacin dukiyar wani. Muhtasar na Halil, wanda alƙalanmu suka yi hukunci da shi, ya sa wannan mas'ala a babin ƙwace: wanda ya buɗe marin da aka sa wa bawa don kada ya gudu, in bawan ya tsere, shi zai biya. Ka ga talaka mai gona ɗaya, ina zai samo kuɗin bawa? Tausayin dare ɗaya sai ya cinye gidansa. Shi kuma bawan, in an kamo shi, kurkukun Gidan Ma'ajin Watari na jiransa a birnin Kano.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka dokar 1850 ta yanka wa mai ɓoye gudajjen bawa tara har dala 1,000 da ɗaurin wata shida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwan Turawa. Sun fasa Bebeji a hanyarsu, suka ci Kano a Fabrairun 1903, bayi da yawa kuwa suka bar rinji suka kama hanyar gida. Gwamna Lugga, wanda ya shigo da sunan hana bauta, sai ya tsorata kada gandaye su mutu. Dokarsa ta 1901 ta 'yanta waɗanda za a haifa daga watan Afrilun shekarar, amma iyayensu aka nuna musu murgu da fansar kai a gaban alƙali. Aka hana gudajje samun gonar noma, aka riƙa kallonsa a matsayin ɗan zaman banza. Wato mutum ya sayi kansa da guminsa daga hannun wanda ya riga ya ci gumin nasa shekara da shekaru. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.